Yadda Za Ka Koya wa Yaro Mai Gudun Alƙalami Rubutu da Nahawu a Gida

Kusan kowace unguwa a Jiratawa tana da irin yaron nan. In ana hira, shi ke da baki. Ya san nawa ake sayar da buhun zogale, ya san famfon da ya lalace a filin noman rani, ya san wa ya kayar da wa a kokowa. Amma da zarar an ce ya ɗauko kaye, wato littafin rubutu, sai ciki ya murɗa, ko bik ya ɓata, ko a nemi yaro sama da ƙasa a rasa. Iyaye su ce ƙiwuya ce. Sau da yawa ba ita ba ce. Kaya uku aka ɗora masa lokaci guda: sarrafa hannu, harshen da ba ya ji a gida, da dokokin nahawu. Ga kuma bulala tana jira in ya kuskure.

Ba shi kaɗai ba ne. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar ko yaro ɗaya cikin goma bai kai matakin karatun da ake buƙata a ƙarshen firamare ba. Na 2019 ya nuna an ɗaga zuwa wajen uku cikin goma. Ajin da yara suka cika maƙil, mushe ɗaya, wato malamin aji, ba zai iya tsayawa a kan kowane kaye ba.

A Amurka da Ingila akwai iyayen da ke koyar da yaransu a gida ɗungurungum, ba sa kai su makaranta. Ba wannan nake nufi ba. Yaro ya ci gaba da zuwa lakwal, ya ci gaba da allonsa. Abin da za mu tsara zama ne gajere a gida, na mako 12, wanda zai raba masa kayan nan ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ya dace da mai shekara 7 zuwa 12, wato daga CI zuwa CM2. Ina cewa "ka" da "yaro" don sauƙin bayani ne kawai, uwa da ɗiya ma haka za su bi. A bi matakan a jere.

1. Gano abin da yake gudu

Kafin ka sayi ko alli, yi mako guda kana lura. Yana kai fuska dab da takarda? Yana ƙanƙance ido in ya dubi nesa? Sai an maimaita magana kafin ya ji? In haka ne, asibiti za ka fara kai shi a duba ido da kunne. Babu dabarar da za ta taimaki yaron da ba ya ganin allon aji. Dubi riƙon alƙalaminsa kuma: mai danne bik da ƙarfi, layi biyu zai yi hannu ya sage. In bahago ne, bar shi ya yi rubutu da hagunsa. Ci da dama da gaisuwa da dama tarbiyya ce, ka riƙe su, amma rubutu ka bar wa hannun da ya fi ƙwari. Daga nan ka tambaye shi, ku biyu, cikin raha: "Me ya fi ba ka wuya a kaye?" Kada ka ce "Don me ba ka so?" Wannan tambayar sunkuyar da kai kawai take jawowa.

2. Zaɓi wanda zai koyar

Ba lallai kai ba ne. In kai mai saurin fushi ne, ka san kanka, ka ba wani. In yaron ɗan fari ne, kuma alkunya ta sa ko sunansa ba a kira, zaman gaba da gaba zai yi muku nauyi ku duka. Kawu, gwaggo, ko yayarsa da ke kwaleji sun fi dacewa. Sharaɗi biyu ne: mutum ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma babu duka. Ko bulalar ma a ɗauke ta daga inda ake zama. Wanda bai yi boko ba kada ya janye jiki. Ba da labari a mataki na 8 aikin baki ne, kuma kaka ta fi kowa iya shi.

3. Je ka ga mushe

Je lokacin da ba ya cikin aji. Gaishe shi, ka ce, "Malam, so nake in taimaka daga gida, ina ka ga ya fi rauni?" Nemi ya nuna maka kayen aji, ka duba inda jan bik ya fi yawa. Tambayi irin rubutun da yake so. Makarantunmu sun gaji rubutun haɗe na Faransa, mai bin siraran layukan kaye. In ka koya wa yaro wani salo a gida, ka ƙara masa kaya na huɗu.

4. Auna inda yake tsaye

Ajin da yaro yake ba shi ne matakinsa ba. Akwai ɗan CM1 da har yanzu gaɓoɓi ke ba shi wuya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da gwaji mai sauƙi, wanda za ka iya kwaikwaya. Rubuta abu huɗu a takarda guda: baƙaƙe 10, kalmomi 10, jimloli gajeru 4, da ɗan labari. Fara ba shi jimlolin. In ya karanta, haura zuwa labari. In ya kasa, sauko zuwa kalmomi, in ya sake kasawa, zuwa baƙaƙe. Yi da Hausa yau, da Faransanci gobe. Bayan haka ka ce ya rubuta duk abin da ya ga dama a kan akuyar gida cikin minti 5. Kada ka gyara ko ɗigo. Sa kwanan wata, ninke takardar, ka ɓoye ta. Za ka neme ta a mataki na ƙarshe. Hattara da fuskarka yayin gwajin. Yaro yana karanta fuskar uba tun kafin ya iya karanta takarda, kuma tsaki ɗaya ya isa ya rufe bakinsa.

5. Tara kayan aiki

Ba su da yawa: allon lakwal da alli da tsumman gogewa, kaye biyu, fensir da abin goge shi, bik shuɗi ɗaya, da tsohon kwali da za a yayyanka. Kaye na farko na gwaji ne, a ɓata shi yadda aka ga dama. Na biyu na ajiya ne, sai abin da aka gama gyarawa ke shiga cikinsa. Jan bik kada ya shigo gidan. Ga wannan yaro, jan bik alamar faɗuwa ce. Nemi abin karantawa da Hausa. Kamfanonin Albasa da Gashingo na Yamai sun buga littattafan yara da harsunan ƙasa, kuma littattafan Zariya, irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, suna shigowa kasuwar Maraɗi ta hanyar Katsina. In ka samu ƙamus na Hausa da Faransanci, kamar na Abdu Mijingini, riƙe shi, zai yi aiki a makonnin ƙarshe. Zuba komai a jaka guda, ka rataye ta inda ƙanne da awaki ba sa kaiwa.

6. Tsayar da lokaci da wuri

Minti 15 a mako huɗu na farko, daga baya minti 20 zuwa 25. Kwana biyar a mako. Alhamis da Juma'a a huta, kamar yadda makarantar allo ke yi. Duk mai aiki a filin noman ranin Jiratawa, wanda ake nomawa tun farkon shekarun 1980, ya san shuka ta fi son ruwa kaɗan a kan kari da ambaliya sau ɗaya a mako. Zaman nan ma haka yake.

Zaɓi lokacin da yaro ya ci ya huta. Da damina, bayan an dawo gona an yi azahar. Lokacin makaranta, bayan la'asar. Kada ka ɗora zaman a kan lokacin ƙwallonsa, zai ɗauki rubutu a matsayin abin da ya raba shi da abokai. Kada kuma ka ci lokacin Islamiyya. In dole sai dare, samo fitila mai kyau, hasken waya yana gajiyar da ido. Wuri ɗaya kullum, tabarma ɗaya, nesa da rediyo da masu leƙe. In lokaci ya cika, tashi, ko da zaman ya yi daɗi. Gara ya tashi yana son ƙari.

7. Zana tsarin makonnin

Ɗauki takarda ka ja layi 12. Mako na 1 da na 2, baki. Na 3 da na 4, hannu da baƙaƙe. Na 5 da na 6, jimla. Na 7 zuwa na 9, nahawu da shifta. Na 10 zuwa na 12, ƙetarawa zuwa Faransanci. Babban hutu, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, ya yi daidai da wannan lissafi kafin komawa aji a Oktoba. Rubuta da fensir, don za ka goge. Yaron da bai ƙware a mataki ba, a ƙara masa mako, kada a ja shi gaba don takarda ta ce.

Za a ce maka fara wa da Hausa ɓata lokaci ne, tunda da Faransanci ake jarrabawa. Ban yarda ba. Yaro sau ɗaya yake koyon cewa baƙi yana ɗauke da sauti, jimla tana da farko da ƙarshe, kuma ya fi saurin gane haka a harshen da yake mafarki da shi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Azuzuwan gaggawa na wata 9, waɗanda ke mayar da yaran da suka rasa makaranta cikin aji, da harshen gida suke farawa wata biyu kafin su shiga Faransanci. Kuma tun Maris 2025 kundin ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Iya rubuta ta ba asara ba ce ta kowace fuska.

8. Mako na 1 da na 2: shi ya faɗa, kai ka rubuta

Kada ya taɓa alƙalami tukuna. Faɗa masa haka tun ranar farko, ka ga yadda kafaɗunsa za su sauka. Ce masa ya ba ka labari: yadda ake yankan zogale a shanya, abin da ya gani a hanyar Maraɗi, tatsuniyar Gizo da kaka ta yi daren jiya. In mai son kokowa ne, ba shi labarin Kantu, ɗan Maraɗin da ya ci gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, sannan ya maimaita maka da bakinsa. Kai kuma ka rubuta jimla uku ko huɗu daga maganarsa, da manyan haruffa, yana kallon hannunka. Karanta masa kana bin kalmomin da yatsa. Sai shi ma ya karanta.

Rubuta abin da ya faɗa, yadda ya faɗe shi. In ya ce "shina tahiya" ko "ɗiyar makwabta", wannan Hausar Katsina da Gobir ce, ba kuskure ba ne. Daga baya za ka nuna masa cewa littattafai "yana tafiya" suke rubutawa. Yanzu abin da ake so ya gani shi ne maganarsa ta cancanci hawa takarda. Rufe kowane zama da karanta masa shafi guda daga littafi, ba tare da ka yi masa tambaya ko ɗaya ba.

9. Mako na 3: a saki hannu

Fara a ƙasa. Share rairayi, ya zana baƙaƙe da yatsa ko tsinke, manya-manya. Daga nan allo da alli, sannan fensir a kayen gwaji. Bik ne na ƙarshe, don ba ya goguwa, kuma mai tsoron kuskure yana tsoron abin da ba ya goguwa. Abin da zai kwafa shi ne jimlarsa ta makon jiya, guda ɗaya tak a rana. Layi ɗaya mai kyau ya fi shafi cike da gaggawa. Ɗan makarantar allo ya saba farawa daga dama, don haka sa masa ɗigo a gefen hagu inda zai fara. In yana juya b da d, kada ka tsorata, yara da yawa suna yi. Ɗauki ɗaya ka yi kwana biyu a kansa kafin ka kawo ɗayan.

10. Mako na 4: baƙaƙen Hausa da tarkon Faransanci

Nan ka dakata sosai, don nan ne yaran Nijar suka fi ruɗewa. Fara da masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Yanka kwali, rubuta kalmomi biyu-biyu: baki da baƙi, kafa da ƙafa, daka da ɗaka, bari da ɓari. Ka faɗi ɗaya, shi ya ɗaga katin. Sannan ku juya, shi ya faɗa, kai ka ɗaga, kuma ka riƙa ɗaga na kuskure da gangan don ya kama ka. Yaro yana son ranar da zai ce, "A'a Baba, ba shi ba ne!" Littattafan Najeriya suna rubuta 'y inda na Nijar ke rubuta ƴ. Nuna masa duka biyun, ku riƙe ɗaya.

Sai tarkon. Allon bakin hanya yana cewa Djiratawa, Madarounfa, Dan Issa. Da Hausa kuwa Jiratawa ne, Madarunfa, Ɗan Isa. Ja layi a tsakiyar shafi. Hagu ka sa yadda Faransanci ke rubuta sautin: dj, ou, ch, tch. Dama ka sa na Hausa: j, u, sh, c. Gaya masa kowane harshe da dokarsa, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Manna shafin a bangon inda kuke zama. Yaron da ya gane wannan layin ya huta da rabin ruɗanin da ke damunsa a aji.

11. Mako na 5: jimla

Rubuta jimla guda a kan kwali, kowace kalma a katinta: Inna, ta, dafa, zogale. Hargitsa su, ya jera. Ba shi tsakuwa ya ajiye a ƙarshe, ita ce aya. Nuna masa babban baƙi a farko. Sai ka ƙara kati: jiya, da yamma, a tukunya. Ya ga jimla tana tsawo ba ta karye ba. Kawo alamar tambaya ta hanyar murya: faɗi jimlar kamar labari, sake faɗinta kamar tambaya, ya zaɓi alamar. Waƙafi ya jira sai an zo lissafa kaya.

Raba kalmomi shi ne ciwon rubutun Hausa, har ga manya. Abu uku sun isa yanzu, bisa ƙa'idar da littattafai ke bi: yana, tana, suna a haɗe suke. Za ka, za ta, za mu a rabe. Gidansu da akuyarmu a haɗe. Sa ya ajiye yatsa tsakanin kalma da kalma.

12. Mako na 6: rubutun da ke da mai karɓa

Yanzu ya rubuta nasa, amma kada ka ce "yi insha'i". Ba shi aikin da gida ke buƙata. Jerin cefanen ranar kasuwa, da kuɗin kowane abu a gefe, inda zai koyi cewa dala ɗari 500 ake rubutawa. Lissafin buhunan da aka kai Maraɗi. Wasiƙar layi uku zuwa ga kawu da ke Agadas ko Kano, a ɗauki hotonta a tura ta WhatsApp. Roƙi kawun tun da wuri ya amsa a rubuce, kuma ya ambaci sunan yaron. In amsar ta zo, shi zai karanta wa gida. Kafin kowane rubutu, ya faɗi jimlar da baki sau biyu, ya ƙirga kalmominta da yatsu, sannan ya rubuta. Kada ka tsaya a kansa yana rubutu. Matsa gefe, ka kama wani aiki.

13. Koyi gyara kafin ka shiga nahawu

Wannan matakin naka ne. Ya miƙo maka layi huɗu da kuskure 12, hannunka zai yi ƙaiƙayi. Daure. Fara karantawa da ƙarfi, ka nuna ka fahimci abin da yake nufi. Faɗi abu ɗaya takamaimai da ya yi daidai: "Ka sa aya a duk inda ya kamata." "Ka yi ƙoƙari" ba ta koya masa komai. Sannan ɗauki nau'in kuskure ɗaya, wanda kuka riga kuka koya. Sa ɗigon fensir a gefen layin, ka ce, "Akwai ƙugiyar da ta gudu a nan, nemo ta." Shi zai gano, shi zai gyara. Sauran kurakuran ka rubuta su a takardarka, su ne darasin makonni masu zuwa. Abin da aka gyara ya kwafe shi a kayen ajiya. Kada ka yaga shafi, kada ka kira ƙaninsa ya nuna masa, kada ka ba da labarin kuskurensa a zaure.

14. Mako na 7 da na 8: nahawu daga bakinsa

Yaron da ke cewa "akuya ta gudu, rago ya tsaya" ya riga ya san nahawu. Sunayen abubuwan ne bai sani ba. Don haka tambaya ke gaba, suna ya biyo baya. Ɗauko jimla daga kayen ajiya. Tambaye shi, "Wa ya yi?" Ya ja layi ɗaya. "Me ya yi?" Ya ja layi biyu. Sai bayan kwana biyu yana yi ba tuntuɓe za ka ce masa na farko suna ne, na biyu aikatau.

Bi da jinsi. Zuba kayan gida a tabarma, ya raba su gida biyu, masu "ne" da masu "ce": ludayi ne, tukunya ce. Zai lura yawancin masu "ce" da a suke ƙarewa. Bar shi ya gano da kansa, sannan ka jefo masa gida, ruwa, nama, ya ga doka tana da masu fita daga cikinta. Sai tilo da jam'i: akuya da awaki, gona da gonaki, buhu da buhuna. Sai sifa: farin rago, farar akuya, fararen awaki.

Lokaci ya zo ƙarshe. Zana da'ira uku a ƙasa: jiya, yanzu, gobe. Ya tsaya cikin ta farko ya ce, "Inna ta dafa zogale." Ya yi tsalle zuwa ta biyu: "Inna tana dafa zogale." Ta uku: "Inna za ta dafa zogale." Tambaye shi me ya canza. Zai ga "dafa" tana nan yadda take, ƴar kalmar da ke gabanta ce ke sauyawa. Ya riƙe wannan da kyau, za a neme shi a mataki na 16. Doka ɗaya a zama ɗaya. Haddar ma'anar "aikatau" ba ta da amfani in ba zai iya nuna shi a jimla ba.

15. Mako na 9: shifta ba kwanton ɓauna

Dikten aji ita ce ta fi sa yara kuka, saboda tana zuwa musu ba shiri. Ta gida a shirye za ta zo. Rubuta jimla biyu a allo. Ku karanta tare, ya nuna kalmomin da yake jin za su ba shi wuya, ya rubuta su sau uku. Kife allon. Yi masa shiftar a hankali, kowace jimla sau biyu. Buɗe allon, ya gwada da nasa, ya gyara da kansa. In za a ƙirga, a ƙirga kalmomin da ya samu daidai. Sau biyu a mako ya isa.

16. Mako na 10 zuwa na 12: ƙetara zuwa Faransanci

Bi hanyar da kuka riga kuka bi: baki, kati, jimla, shifta. Ɗauki gajerun jimloli daga littafin ajinsa, har da na ajin baya in na bana sun yi nauyi. Kowace doka ka jingina ta da abin da ya sani.

Jinsi ba baƙo ba ne gare shi, amma gargaɗe shi cewa ba ya tafiya daidai. Rana mace ce a Hausa, le soleil namiji. Wata namiji ne, la lune mace. Gida namiji, la maison mace. Saboda haka kada ya taɓa haddace suna tsirara. Kowane kati da le ko la a jikinsa.

Sai aikatau. Tuna masa da'irori uku. A Hausa gaban aikatau ke sauyawa, a Faransanci wutsiyarsa ma tana sauyawa, kuma sau da yawa ba a jin ta. Je mange, tu manges, ils mangent: kunne abu ɗaya yake ji a aikatau ɗin, ido yana ganin uku. Haka s ɗin jam'i a les chèvres. Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi ya sa yaro ke rubuta abin da kunnensa ya ba shi, ya faɗi a dikte. Sa ya riƙa zagaye baƙaƙen da ba a furtawa da fensir. Fara da être da avoir da aikatau masu ƙarewa da er, a lokaci mai ci kaɗai. Ba da minti biyu kullum ga sautukan da Hausa ba ta da su, musamman p da v. In kai ma Faransancinka bai nuna ba, nan ne za ka nemi ɗan kwaleji ko ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ya zo hutu. Zauna kusa, kuma ka gaya masa dokar gidan: kuskure ɗaya a zama, babu tsawa. Rana ɗaya a mako ta ci gaba da zama ta rubutun Hausa.

17. Ranar da ya turje

Za ta zo, wataƙila tun mako na 3. Kada ka yi ciniki, kada ka yi barazana. Rage aikin: "Kalma uku, mu tashi." Ko ba shi zaɓi tsakanin abu biyu da duk ka yarda da su, allo ko kaye. In ya ƙi duka, karanta masa labari, ku tashi a kan lokaci. In turjiyar ta kai kwana uku a jere, aikin ne ya fi ƙarfinsa, koma mataki ɗaya baya. Kada ka saya da kuɗi, gobe zai ƙara farashi. Kada kuma rubutu ya zama horo a kan wani laifi. Wanda aka sa ya cika shafi don ya fasa tulu ba zai so kaye ba.

18. Sake aunawa, ka miƙa

A ƙarshen mako na 12, maimaita gwajin mataki na 4 da sababbin kalmomi. Ya sake rubutu a kan akuyar nan cikin minti 5. Fito da takardar da ka ɓoye, ajiye su gefe da gefe, ya faɗi bambancin da kansa. In ka ga ci gaba, rage zaman zuwa kwana uku a mako, ku ɗore a haka har ƙarshen shekara. In bayan wata uku na zama a kan kari har yanzu ba ya haɗa baƙi da wasali, kada ka ƙara matsa masa. Koma asibiti a sake duba ido da kunne, ka kai maganar ga darektan makaranta. In kuwa yaron ya riga ya bar lakwal kuma bai wuce shekara 12 ba, tambayi ofishin mai duba makarantun firamare na yankinku ko akwai ajin gaggawa kusa.

Makon farko na komawa aji, ɗauki takardun biyu da kayen ajiya ka kai wa sabon mushensa. Gaya masa inda kuka tsaya, kuma ka roƙe shi ya zaunar da yaron a layin gaba.